Ƙofar da aka fasa a katanga

A unguwannin cikin birni, idan zumunci ya yi ƙarfi tsakanin maƙwabta, akan fasa 'yar ƙofa a katangar da ta raba gidajensu. Mata su huta da zagayawa ta zaure: a ɗebo wuta, a aro turmi, a miƙa ƙwaryar fura. Yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka, AfCFTA, irin wannan ƙofar ce, sai dai gidajen sun haura 50. Ƙasashe 44 suka fara sa mata hannu a Kigali a watan Maris na 2018, aka buɗe ciniki ranar 1 ga Janairun 2021, bisa alƙawarin janye kuɗin fito sannu a hankali daga kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya.

Amma da sharaɗi: abin da aka noma ko aka sarrafa a cikin gidajen shi kaɗai zai bi ta nan kyauta. Albasar Galmi ta wuce, shanun da aka koro daga Maraɗi zuwa Jibiya su wuce, takalman roba na Kano su ma haka. Rigimar tana wajen maƙwabcin da zaurensa ke kallon bakin titi. Jirgi ya sauke shinkafar Tailan ko Indiya a tashar Kwatano, a juye ta a sabon buhu, gobe ta bayyana a matsayin 'yar gida. Manomin Kebbi da ya sayi taki da tsada, da me zai yi gogayya?

Kukan babban gida ke nan, kuma yana da gaskiyarsa. Najeriya ta sa hannu a Yamai a watan Yulin 2019, wata guda bayan haka ta jera bulo ta toshe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. A ganina nan aka yi jifa aka sami wanda bai ci ba bai sha ba. Motocin kayan gwari suka yi ta ruɓewa a bakin iyaka, shinkafa ta yi tashin gwauron zabi, ɗan fasa-ƙwauri kuwa, da yake dama ba ta ƙofa yake bi ba, ya ɗaure buhunansa a babur ya ratsa daji. Aikin da ya kamata a yi na kwastan ne: a kwance buhu, a nemi takardar shaidar inda aka yi kaya, mai gaskiya ya wuce ba tare da an tatse shi a kowane shinge ba.