Ina Shamuwa Take Zuwa In Damina Ta Wuce?

A unguwarmu ta Ƙofar Marusa akwai wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, mai yawo da wani littafi a aljihu. Ba darasi ne a ciki ba. Ranar da ya fara ganin shamuwa a kan tsamiyar bakin layi yake rubutawa, da ranar da ya neme ta ya rasa. Bara, wata rana bayan La'asar, ya tare ni, ya gaishe ni, ya ce, "Baba, in ta bar Katsina ina take zuwa?"

Mun taso muna jin manya na cewa in shamuwa ta sauka a gyara garma, ruwa ya kusa. Gaskiya suka faɗa. Shamuwa ruwa take bi, don shi ke fito da fara da tsutsar da take ci. Wajen watan Mayu take iso mana, ta yi sheƙa kusa da mutane, ta ƙyanƙyashe. Da ciyawa ta soma bushewa sai ta nausa kudu, har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, inda sama ke zuba daga Nuwamba zuwa Maris. Damina biyu ke nan a shekara ɗaya!

Tana tashi, wasu baƙin na sauka. Waɗannan daga Turai suke, sanyi ya koro su, sun ƙetaro Bahar Rum da Sahara, da yawansu su yada zango a fadamun Haɗeja da Nguru. Su ma Turawan sun daɗe ba su gane inda tsuntsayensu suke zuwa ba, har akwai masu cewa tsattsewa cikin laka take shigewa da hunturu. Sai a 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta. Tana nan ajiye a Jami'ar Rostock.

Abin da yaron nan yake yi, shi masana ke yi a cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos: a duba, a ƙirga, a rubuta kwanan wata. Don haka ina roƙon iyaye, kada a kira shi shashanci. Malaman makaranta kuma, ku kai ɗalibai madatsar Ajiwa da sassafe a lokacin hunturu, kowa da biro da takarda. Mai shirin sare tsohuwar bishiya a ƙofar gida, ya fara ɗaga kai ya duba ko akwai sheƙa.