Shokabzoba Mai Araha a Motar da Aka Ɗaga: Darasi Daga Hanyoyin Illela

Gabatarwa

Garin Illela yana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, dab da iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, yana fuskantar Birnin Ƙonni. Kowace ranar Lahadi kasuwarsa kan cika da dabbobi da hatsi da albasa. Yawancin wannan kaya ba ta kan kwalta yake tasowa ba. Daga ƙauyuka ake ɗauko shi, ta hanyoyin rairayi da burji masu ramuka da gargada. Don haka ne masu motocin a-kori-kura, irin su Toyota Hilux da tsofaffin Peugeot 504 waɗanda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarun 1970, suka saba da kai motocinsu gareji a ƙara musu ganyen sifirin, domin bayan mota ya ɗaga, ta ɗauki kaya ba tare da cikinta ya taɓa ƙasa ba.

Sai dai sau da yawa, bayan an ɗaga mota, akan ga shokabzoba ta mutu cikin 'yan makonni. Mai mota ya sayo wata mai araha, ita ma ta bi sahun 'yar'uwarta. Daga nan sai a ɗora laifin kan arahar. Gaskiyar al'amari ita ce, galibi ba kuɗin shokabzoba ne matsalar ba, tsawonta ne bai dace da sabon tsayin motar ba.

Aikin Sifirin da Aikin Shokabzoba

Mutane da yawa suna zaton shokabzoba ce ke ɗauke da nauyin mota. Ba haka ba ne. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi. Tun a shekarar 1678 masanin kimiyyar nan na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana cewa gwargwadon nauyin da aka aza wa sifirin, gwargwadon lanƙwasawar da zai yi. Amma sifirin yana da wani hali: duk ƙarfin da ya karɓa ajiye shi yake yi, sannan ya mayar da shi. Idan taya ta faɗa rami, sifirin zai matse, ya miƙe, ya sake matsewa, motar ta yi ta lilo kamar reshen da tsuntsu ya tashi daga kansa.

Aikin shokabzoba shi ne kashe wannan lilo. Ita bututu ce ta ƙarfe cike da mai, a cikinta akwai fistin mai ƙananan ƙofofi, haɗe da sanda. Duk lokacin da taya ta yi sama ko ƙasa, fistin yakan tilasta wa man ratsawa ta waɗannan ƙofofi. Wannan matsatsi shi ke mayar da ƙarfin motsi ya koma zafi, iska kuma ta kwashe zafin.

Alal misali, idan nauyin kilo 1,000 ya faɗa zurfin santimita 10, ƙarfin da ya saki ya kai kimanin jul 1,000. In da duk wannan ƙarfi zai shiga cikin man da nauyinsa bai wuce rubu'in kilo ba, zafin man zai ƙaru da kusan digiri 2 a faɗawa ɗaya tak. To, ina ga tafiyar sa'a guda a kan gargada, a watan Afrilu, lokacin da zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40?

Abin da Ɗaga Mota Ke Canzawa

Kowace shokabzoba tana da tsawo iri biyu: tsawonta idan an miƙar da ita har ƙarshe, da tsawonta idan an matse ta har ƙarshe. Masu ƙera mota sun auna ta yadda fistin zai zauna wajen tsakiyar bututun idan mota tana tsaye.

A ɗauka cewa wata shokabzoba tana miƙewa zuwa santimita 55, tana matsewa zuwa santimita 35, kuma a mota tana zaune a kan santimita 45. Ke nan taya tana da damar sauka santimita 10, da damar hawa santimita 10. Idan aka ƙara ganyen sifirin har tazarar da ke tsakanin maɗauran shokabzobar ta ƙaru da santimita 6, za ta koma zama a kan santimita 51. Saura santimita 4 kacal ta ƙure. Da zarar taya ta leƙa rami, sai fistin ya doki murfin bututun da ƙarfi, a ji ƙara ƙwas. A wannan lokaci nauyin aksil da na taya duk suna rataye a jikin sandar. Sannu a hankali robar bakin bututu ta lalace, mai ya tsiyaye, ko kuma maɗaurin ya tsage. Bugu da ƙari, tayar da ta kasa sauka cikin rami tana reto a iska ne, kuma taya a iska ba ta jin birki, ba ta jin sitiyari.

Wasu kuma sukan gudu daga wannan su faɗa wani kuskuren, su sayo doguwa fiye da kima. Doguwar shokabzoba ko an matse ta doguwa ce. Idan aka lafta wa mota buhunan gero, sai ta ƙure tun kafin aksil ya kai ga robar da aka tanada don tare shi. A nan duk nauyin kaya ya koma kan fistin da ƙofofin mai, abin da ba a yi su dominsa ba. Sandar na iya lanƙwashewa a rami ɗaya.

Abu na biyu da ke canzawa shi ne taurin sifirin. Ƙarin ganye yana sa sifirin ya riƙa miƙewa da ƙarfi fiye da da, saboda haka yana buƙatar shokabzoba mai ƙarfin riƙewa wajen miƙewa. Wadda aka yi don ƙaramar mota ba za ta iya ba, ko da tsawonta ya yi daidai.

Abu na uku shi ne cibiyar nauyi. Injiniyoyi kan raba faɗin da ke tsakanin tayoyin dama da na hagu da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi, don sanin wuyar kifewar mota. Idan faɗin mita 1.5 ne, cibiyar nauyi kuma tana santimita 70 daga ƙasa, sakamakon 1.07 ne. Idan ɗagawa da tulin kaya suka kai ta santimita 90, sai ya sauko zuwa 0.83. Wato motar ta fi kusa da kifewa a kwana. Babu shokabzobar da za ta gyara wannan lissafi, amma matacciya tana ƙara dagula shi, domin tana barin bodi ya yi ta tangaɗi.

Gargada da Kumfa

A shekarar 1963 wani masani mai suna Keith Mather ya nuna ta hanyar gwaji cewa tayoyi da kansu ne ke haifar da gargada a kan rairayi da tsakuwa, muddin gudu ya wuce wani ƙaramin mizani. Idan tazarar tudun gargada mita 1 ce, motar da ke gudun kilomita 54 a sa'a tana hawa tudu 15 a kowace daƙiƙa. A irin wannan yanayi man shokabzoba kan yi zafi, ya tsinke, ya gauraya da iska ya yi kumfa. Kumfa kuwa ba ta tare fistin, sai mota ta koma kamar ba ta da shokabzoba. Don magance haka ne injiniyan Faransa, Christian Bourcier de Carbon, ya fito da samfuri mai bututu ɗaya da iskar gas a shekarun 1950. Iskar naitirojin da aka matse a ciki tana danne man, ta hana shi kumfa. Yawancin masu araha bututu biyu gare su, amma a cikinsu ma akwai masu ɗan gas, kuma sun fi dacewa da hanyoyin karkara.

Yadda Ake Zaɓa da Ɗaurawa

Matakin farko shi ne awo. A cire tsohuwar shokabzoba, a ɗaga shasi da jak har taya ta bar ƙasa, a tokare shi da matokari mai ƙarfi, sannan a auna tazarar maɗauri na sama da na ƙasa. Wannan shi ne tsawon miƙewa da ake buƙata. Bayan haka a lissafa tazarar da za ta rage idan aksil ya danne robar tariya, wanda shi ne tsawon matsewa. Da waɗannan awo biyu za a je shagon kayan gyara, ba da sunan mota kawai ba, tunda motar ta riga ta bar siffar da ta fito da ita daga kamfani.

A shago, a tsayar da shokabzobar, a ja ta a tura ta sau da yawa. Ya kamata a ji tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma a yawancin samfura jan ya fi turawa wuya. Wadda ke zamewa a wani wuri, ko mai danshin mai a jiki, ko mai tsatsa a sanda, a bar ta. A lura kuma da jabu, domin kwali mai ɗauke da sunan babban kamfani ba shaida ba ne. Haka nan 'yar gwanjon da aka huda aka ɗura wa baƙin mai aka shafa mata fenti ba ta da tabbas. Huda mai gas ko kusantar da ita ga wuta kuwa haɗari ne babba.

Wajen ɗaurawa, a canza biyu tare, dama da hagu. Kada a kama sandar da filaya, domin ƙaramin ƙarzane ya isa ya yanka robar bakin bututu. Kada a kifa mai bututu biyu. Kada a ƙarasa ɗaure notunan da ke da bushin sai an sauke mota ta tsaya da tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage. Daga ƙarshe a duba tiyon birki, a tabbata bai ɗame ba idan taya ta sauka iyakarta.

Kammalawa

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a wannan fage rashin awo ya fi araha ɓarna. Shokabzoba mai sauƙin kuɗi wadda tsawonta da ƙarfinta suka dace da sifirin za ta fi mai tsadar da ba ta dace ba daɗewa. Bayan tafiya a kan gargada, direba na iya kusantar da hannunsa ga bututun a hankali. In da ɗumi, tana aiki. In ta yi sanyi alhali 'yar'uwarta ta ɗauki zafi, to ta mutu, kuma bai kamata a sake loda wa motar kaya da mutane ba sai an canza ta.