Sankarar mama da mai goyo: wa zai riƙe yaran?

Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 270 ce, kuma a can ne Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa take, inda aka fara gashin daji da na'ura a 2021. Matar Matankari ko ta Gesheme da aka tabbatar tana da sankarar mama, ba sau ɗaya za ta bi wannan hanya ba. Ƙarin ruwan maganin daji zuwa-zuwa ake yinsa, galibi duk bayan mako uku har tsawon watanni, gashin kuma kusan kullum ne na wasu makonni. In tana da goyo a baya, ga wani riƙe da gefen zanenta, abin da ke fara hana ta barci shi ne wa zai riƙe mata yaran. A ganina amsar wannan tambaya tana cikin magani, kuma a hannun dangi take.

Jinkirin kan soma ne tun daga shayarwa. Mai jego ta ji ƙullutu, tsofaffi su ce nono ne ya kwanta, a gasa da ruwan zafi. Sau da yawa gaskiyarsu ne. Amma ƙullutun da ya wuce mako biyu bai baje ba, ko fatar ta yi ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo, ko kan nonon ya shige ciki, sai an duba shi a likita. Daga nan sai a faɗa wa maganar nan ta cewa daji ba ya son allura, a shafe watanni ana shafe-shafe da jiƙo. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 yana son a gano cutar cikin kwana 60 da zuwan mace asibiti, kuma kashi 80 cikin ɗari na masu ita su kai ƙarshen magani. Wannan na biyun a tsakar gida ake cin nasararsa ko a faɗi, domin uwar da aka kira ta ji yaro ya kwana yana kuka, motar gobe za ta shiga, ta bar zagaye na uku na ƙarin ruwan.

Za a ce raba jariri da nono zalunci ne. Maganin daji na bi ta cikin ruwan nono, don haka yaye ya zama dole, kuma ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu ita ce ta halatta yaye bisa shawara da yardar iyaye, har da ba wata shayarwa. Al'adarmu ma ta riga ta share hanya, tunda gidan kaka ake kai yaye. Wanda bai kai wata shida ba ne ke buƙatar shawarar ma'aikatan lafiya kan abin da za a ba shi. Wasu kuma za su ce ai tun 2007 gwamnatin Nijar ta ayyana maganin dajin mata kyauta. Haka ne a doka, sai dai dokar ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba mai jinya masauki a Yamai, ba ta daka hatsin yaran da aka baro a Tibiri alhali maigida yana cirani. Dangin da ke iya haɗa gudummawar biki cikin mako guda ba su da hujjar cewa wannan ya fi ƙarfinsu.

Hujja mafi nauyi ita ce ta sutura: mace na tsoron a ji an cire mata nono, ta zama abin nuni, ko a yi mata kishiya tana kwance. Tsoron ba na banza ba ne. Amma masu binciken hukumar nazarin ciwon daji ta duniya da ke Liyon a Faransa sun ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai yara kimanin miliyan 1 ne ciwon daji ya raba da uwayensu, kuma sankarar mama ce kan gaba. Ɓoyewar da ke cinye watannin da magani zai yi aiki, yaran ne ke biyan kuɗinta. Ba sai an yi shela a kasuwa ba. Ya isa miji da kaka da inna guda su sani, su raba kwanaki tun kafin tafiyar farko. Yaran kuma a gaya musu daidai hankalinsu: gashin Inna zai zube, zai sake fitowa, ba laifin kowa ba ne, kuma ciwon ba a ɗaukarsa, suna iya shan fura da ita a ƙwarya ɗaya.