Bin sawun jirgin da bai faɗi inda yake ba

Wanda ya buɗe Flightradar24 a wayarsa zai ga ɗan hoton jirgi yana tafiya sumul a kan taswira, har ya zaci wata kyamara ce ke kallonsa daga sama. Ko kusa. Yawancin jiragen zamani da kansu suke shelar inda suke, ta tsarin ADS-B. Amma akwai tsofaffi waɗanda ba sa aiko da komai sai lambar shaidarsu da nisansu daga ƙasa. Irin waɗannan sai an yi musu lissafi.

Lissafin kuwa na lokaci ne. An kakkafa ƙananan na'urorin kama sigina a rufin gidaje da filayen jirgin sama, kowace an san ainihin inda take. Saƙon jirgin yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma duk da haka na'urar da ta fi kusa ita ke riga ji, kamar yadda ƙarar tsawa ke isa unguwar kusa kafin ta nesa. Wannan 'yar tazara ita ake aunawa. Na'ura biyu ba su isa ba, sai an samu aƙalla huɗu kafin a ce ga jirgin nan. Agogonsu kuma dole su zama baki ɗaya, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa daidai yake da mita 300.

Shi ya sa ɗigogin da ake samu a kan taswira ba sa jeruwa. Wannan ya kauce dama, wancan hagu. Dabarar da ta yi suna wajen daidaita su ita ce wadda Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, wadda har kumbon Apollo ya yi aiki da ita a tafiyarsa zuwa duniyar wata. Kwamfuta kan dubi gudun jirgin da alƙiblarsa ta kintaci inda zai kai. Da sabon awo ya iso sai ta gwada shi da kintacenta, ta fi karkata ga wanda ya fi abin dogaro. A ganina nan ne basirar take, don ba ta sakankance da kintacenta ba, ba ta kuma sallama wa na'ura ba.

Tana da rauninta. In matuƙi ya yi kwana ba zato, layin kan ɗan zarce kafin ya dawo hanya. In kuma jirgin ya yi ƙasa-ƙasa, ko ya ratsa Sahara inda na'urorin suka yi ƙaranci, da wuya huɗu su ji shi lokaci guda.