Allo Ya Yi Baƙi Bayan Sabunta Linux? A Dakata Da Fomat

Tun da kamfanin Microsoft ya janye kulawarsa daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga neman mafita, domin Windows 11 ba ta yarda ta hau na'urar da ba ta da kariyar nan mai suna TPM 2.0. Da yawa daga laftof ɗin hannu da ɗalibai da masu shagon buga takardu ke aiki da su suna cikin wannan sahu, shi ya sa wasu suka karkata ga Linux, musamman Ubuntu da Linux Mint, waɗanda kyauta ake samunsu. Abin yakan tafi lafiya lau har ranar da saƙo zai fito cewa sabon zubi ya iso. Mutum ya danna, ya ƙona data, ya jira, kwamfuta ta sake tashi, sai ga allo baƙi ƙirin. Ko kuma ya sa kalmar sirri daidai, allo ya ƙifta, ya dawo da shi inda ya fito, ya sake sawa, ya sake dawowa.

Idan aka kai wa mai gyara, amsar da aka fi ji ita ce sai an yi fomat. Sau da yawa wannan gaggawa ce kawai, kuma fayilolin mai kwamfuta ne ke biyan kuɗinta.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, a Linux fuskar da ido ke gani daban take da injin da ke ƙasa. Akwai kanel, wato zuciyar tsarin. Akwai direban da ke magana da katin hoto. Akwai manhajar da ke zana tagogi a allo, tsohuwar mai suna Xorg ko sabuwar hanyar Wayland. A can sama kuma fuskar aiki take zaune, GNOME ko KDE Plasma ko Cinnamon ko Xfce. Kamar gida ne da fentinsa ya ɓare alhali ginin na tsaye daram. Gwajin ma ba wuya: a danna Ctrl da Alt da F3 tare. In allon rubutu zalla ya bayyana yana neman suna da kalmar sirri, to tsarin na raye, kaya na nan, gyara ne kawai ya rage.

Daga wannan allon, tambaya ta farko ita ce ko sabuntawar ta kammala ma. A inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, kuma batirin laftof ya gaji, ba abin mamaki ba ne aiki ya tsaya rabi da rabi, wasu manhajoji sababbi, wasu tsofaffi, ba sa jituwa. A Ubuntu da danginta, umarnin sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da aka bari a buɗe, sai a bi shi da sudo apt --fix-broken install. Daga nan a buga df -h a duba sarari. Ma'ajiyar da ta cika maƙil tana hana fuskar aiki rubuta 'yan fayilolin da take buƙata kafin ta buɗe, kuma wannan kaɗai ya isa ya riƙa mayar da mutum ƙofar shiga.

In waɗannan sun fita daga zargi, sai a juya ga katin hoto, musamman in na NVIDIA ne. Tsamar da ke tsakanin wannan kamfani da mutanen Linux ta daɗe. A 2012 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, da kansa ya caccake shi a bainar jama'a a Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan. Al'amura sun gyaru sosai tun lokacin, amma har yanzu direban NVIDIA dole ya dace da kanel ɗin da ke aiki, in sabon kanel ya zo direba bai biyo shi ba, allo sai ya mutu. Sa'ar da aka yi, tsohon kanel yakan rage a ajiye. Riƙe Shift ko danna Esc lokacin da kwamfuta ke tashi yana fito da jerin zaɓin GRUB, a shiga da tsohon kanel, sannan a sake ɗora direban da sudo ubuntu-drivers install.

Sai batun Wayland da Xorg, wanda ya sha kai da komo. Ubuntu ta gwada Wayland a zubin 17.10, ta koma Xorg a 18.04, ta sake rungumar Wayland a 21.04. Wanda manhajarsa ta ɗaukar allo ko ta sarrafa kwamfuta daga nesa ta daina aiki bayan sabuntawa, nan ya kamata ya leƙa. A zubin 22.04 da 24.04 akwai 'yar alamar saiti a ƙasan allon shiga wadda ke ba da damar zaɓar Xorg. A 25.10 an cire wannan zaɓi ga GNOME, don haka dabarar kwanakinta ƙidayayyu ne.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne ƙananan manhajojin ƙawa da mutane ke liƙa wa GNOME, masu nuna saurin intanet ko sauya fasalin sandar aiki. GNOME na fitar da sabon zubi sau biyu a shekara, a Maris da Satumba, kuma waɗannan ƙari suna shiga cikin jikinta ne kai tsaye, ba daga gefe suke aiki ba. A Satumban 2023 GNOME 45 ta sauya yadda ake rubuta su gaba ɗaya, duk wanda ba a sake rubutawa ba ya daina aiki. Ubuntu 22.04 na ɗauke da GNOME 42, ita kuwa 24.04 da GNOME 46, ke nan duk wanda ya tsallaka tsakaninsu ya bi ta kan wannan rami ko ya sani ko bai sani ba. Masu KDE ma sun ɗanɗana irinta da Plasma 6 ta fito a Fabrairun 2024. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama: a ƙirƙiri sabon asusu da sudo adduser gwaji, a shiga da shi. In komai ya buɗe tsaf, laifin na cikin saitin tsohon asusu ne. Sai a sauya wa foldar ~/.local/share/gnome-shell/extensions suna, kada a goge ta, a sake shiga, sannan a riƙa dawo da ƙarin ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ya tona kansa. Wanda ke son ganin ƙorafin kwamfutar da idonsa, journalctl -b -p err zai zayyano masa kurakuran da aka samu tun tashinta.

Wani lokaci kuma laifin na masu manhajar ne. Canonical, mai fitar da Ubuntu, ta buɗe ƙofar hawa 24.04.1 a ƙarshen Agustan 2024, kwanaki kaɗan bayan haka ta rufe ta na ɗan lokaci saboda kuskure a manhajar da ke gudanar da sabuntawar. Kamfanin da ke jira har gyaran farko ya fito kafin ya gayyaci masu tsohon zubi ke nan, amma duk da haka ya yi tuntuɓe. Zumuɗin zama na farko ba shi da wata riba ga mai kwamfuta ɗaya tilo da yake cin abinci da ita.

Duk mai shirin sabuntawa ya kwashe muhimman fayilolinsa zuwa filasha ko wata ma'ajiya ta waje, ya ɗauki hoton tsarinsa da Timeshift, wadda ke zuwa a cikin Linux Mint, ya kashe ƙarin GNOME, ya cika batir, ya kuma tanadi filasha mai ɗauke da Linux da zai iya tayar da kwamfutar da ita. Mai gyara kuma, don Allah ya danna Ctrl da Alt da F3 kafin ya taɓa kayan mutane.