TARON KAFANCHAN NA 1955: TAMBAYAR DA MULKIN KAI BAI AMSA BA

A cikin watan Yuni na shekarar 1955, sa'ad da ya rage saura shekara biyar Nijeriya ta sami mulkin kai, waɗansu shugabannin siyasa daga lardunan kudancin Jihar Arewa suka hallara a Kafanchan. A nan ne suka haɗa jam'iyyunsu biyu, watau Middle Zone League ta Fasto David Lot da Middle Belt People's Party, suka zama jam'iyya guda mai suna United Middle Belt Congress, wadda aka fi sani da UMBC.

A lokacin nan maganar da ke bakin kowa a Ikko da Kaduna ita ce yaushe Turawa za su tafi. Amma mutanen da suka taru a Kafanchan wata tambaya ce dabam ta dame su: in Bature ya naɗe tabarmarsa, wa zai mulke mu, kuma wa zai yi mana shari'a?

GARIN DA JIRGI YA HAIFA

Ba banza aka zaɓi Kafanchan ba. A shekarar 1927 ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta haɗu a nan da wadda ta nufi Kaduna, kuma daga nan reshe ya hau dutse zuwa Jos, wurin haƙar kuza. Kafin a ce haka, gari ya cika da ma'aikatan reluwe, Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauran ƙabilu, kowa da harshensa, kowa da labarin da ya zo da shi. Jaridun Kudu masu sukar mulkin mallaka su ma ta jirgin nan suke isowa. A shekarar 1933 Sarkin Jama'a ya ƙaura da fadarsa zuwa Kafanchan.

Ƙasar da ke kewaye da garin kuwa ta ƙabilu ce masu yawa: Fantswam, Kaninkon, Bajju, Atyap, Ham, Gwong, Kagoro, Marwa da sauransu. Da Turawa suka ci Arewa a farkon ƙarnin, sai suka ga ya fi musu sauƙi da arha su yi mulki ta hannun sarakunan da suka tarar da tsari na haraji da alƙalai. Saboda haka aka sa yawancin waɗannan ƙabilu ƙarƙashin En'e ta Zazzau ko ta Jama'a, har da waɗanda ke cewa ba a taɓa cin su da yaƙi ba. Gundumomi uku ne aka bari da sarakunansu na kansu, watau Kagoro, Marwa da Jaba.

Wannan bambanci shi ya zama tushen magana. Mutumin Zangon Katab yana ganin maƙwabcinsa na Kagoro da sarkinsa ɗan ƙabilarsa, shi kuwa hakiminsa daga Zariya ake aiko shi. Koke-koken jama'a sanannu ne: tsananin karɓar haraji, aikin tilas, shari'a a gaban alƙalin da ba ya bin al'adarsu, da kuma rashin sa 'ya'yansu cikin aikin En'e. Daɗin daɗawa, tsofaffi ba su manta da zamanin harin bayi ba. A shekarar 1946 mutanen Atyap suka yi bore, suka ƙi biyan haraji, suka nemi a raba su da mulkin Zazzau. Hukuma ta murƙushe boren, amma ba ta kashe maganar ba.

Makarantun mishan, musamman na SIM da na Katolika, su suka samar da malaman makaranta da fastoci da akawuna waɗanda suka iya rubuta takardar koke. Abin lura a nan shi ne, da Hausa suka yi yawancin karatunsu, gama tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, kuma Hausar nan ce ta sa Bajju ya fahimci Birom, Ham ya fahimci Angas. Ɗaya daga cikin irin waɗannan 'yan makaranta, Malam Gwamna Awan, ya zama Sarkin Kagoro a 1945, ya kuwa riƙe sarautar har rasuwarsa a 2008.

BA SU KAƊAI KE KUKA BA

Kuskure ne a ɗauka cewa kukan nan na addini ne kawai. A cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya soki yadda ake tafiyar da En'e, ya nemi a yi gyara. A watan nan ne kuma aka kafa NEPU a Kano, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya jagoranta daga baya, wadda 'ya'yanta Musulmi talakawa suka sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka saboda irin wannan magana. Shi ya sa NEPU da UMBC suka iya shiga inuwa ɗaya gabanin zaɓen 1964.

A ƙasashen waje ma shekarar 1955 ba ta wuce shiru ba. A watan Afrilu shugabannin Asiya da Afirka suka yi taron Bandung a Indunusiya don la'antar mulkin mallaka. A watan Disamba wata baƙar mace, Rosa Parks, ta ƙi tashi ta bai wa Bature kujera cikin bas a Montgomery ta Amurka, abin da ya jawo baƙaƙen fata suka ƙaurace wa motocin fiye da shekara guda ƙarƙashin Martin Luther King. Matsalar Amurka ta launin fata ce, ta Kudancin Zazzau kuwa ta sarauta da shari'a ce tsakanin baƙi da baƙi. Amma duka biyu sun haɗu a wuri ɗaya: mutum yana son a lissafa shi cikakken ɗan ƙasa a inda aka haife shi.

HUKUMAR WILLINK

Buƙatar UMBC ita ce a yanke lardunan tsakiya a yi musu jiha tasu kafin mulkin kai. Jam'iyyar NPC ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta ƙi, bisa taken nan nata na Arewa ɗaya, jama'a ɗaya. Hujjarta ita ce, raba Arewa zai raunana ta gaban Kudu wadda ta yi mata nisa a ilmin zamani, kuma ta nuna cewa akwai Kirista cikin ministocinta, irin su Michael Audu Buba. Ita ma UMBC ba ta tsira daga rabuwar kai ba, gama wani ɓangare ya karkata ga NPC. A 1957 Joseph Tarka, ɗan ƙabilar Tibi, ya karɓi shugabancinta, ya ƙulla ƙawance da Action Group ta Cif Awolowo. A zaɓen tarayya na 1959 ƙawancen ya ci kujeru 25 a Arewa, NPC kuwa 134.

A taron tsarin mulki na London na 1957 aka yarda a kafa hukumar da za ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu da hanyar kwantar musu da hankali. Sir Henry Willink ya shugabance ta. Bayan ta zagaya ƙasar ta saurari shaidu, ta ba da rahotonta a 1958. Hukumar ta amsa cewa akwai tsoro na gaske, amma ta ƙi ba da shawarar ƙirƙiro jihohi, tana ganin duk inda aka ja iyaka sai an sake samun waɗansu tsiraru a ciki. Sakataren Ƙasashen Mallaka, Alan Lennox-Boyd, ya ƙara da cewa in aka nace wa sababbin jihohi, to, ranar mulkin kai za ta ja baya. Babu shugaban da ya yarda ya ɗauki wannan laifi.

Maimakon jiha, sai Willink ya ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki, a kuma ƙarfafa 'yan sandan tarayya. Haka aka yi. Babi na uku na tsarin mulkin 1960 ya tabbatar da 'yancin addini, da na faɗin ra'ayi, da na shari'ar adalci, ya kuma hana nuna bambancin ƙabila. Wannan babi shi ne kakan babi na huɗu na tsarin mulkin 1999. Har ila yau Gwamnatin Arewa ta kafa sabuwar dokar laifuffuka wadda ta fara aiki a 1960. Ke nan duk ɗan Nijeriya da ya taɓa kai ƙara kotu don an tauye masa haƙƙi, ya ci moriyar kukan da tsirarun ƙabilu suka yi.

AMSAR DA TA ZO A MAKARE

Sai dai takarda ba ta sauya hakimi. Da Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12 ran 27 ga Mayu, 1967, Binuwai da Filato suka sami tasu, amma Kafanchan, inda aka raɗa wa UMBC suna, ta zauna cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Gyara ya riƙa zuwa da kaɗan-kaɗan. A 1967 aka naɗa Bala Ade Dauke, ɗan Atyap, hakimin Zangon Katab. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e, kana gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya biyo baya.

Maganar sarauta kuwa aka bar ta tana ruruwa har ta gauraya da ta addini da ta ƙasar noma. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Horon Malamai ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Na Zangon Katab a 1992 ya ci rayuka masu yawa, Hausawa da Atyap, mutanen da kakanninsu suka ci kasuwa ɗaya. Sai a 1995, zamanin Kanar Lawal Ja'afaru Isa, aka ba Atyap da Bajju masarautunsu, kana Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, wanda ya hau mulki a 1999, ya ƙara waɗansu da dama.

Tsakanin taron Kafanchan da masarautun farko shekara 40 ke nan cif. Abin da malaman makaranta suka roƙa da takarda a gaban Willink, an ba da wani sashensa bayan an haƙa kaburbura. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma tarihin Kudancin Kaduna ya isa shaida ga duk mai riƙe da mulki cewa koken da aka kawo da ladabi, gara a saurare shi tun yana kan takarda.