Fasahar hologram: Ko za ta rage wutar da rumbunan adana bayanai ke sha?

Bidiyon biki da aka ɗauka a Birnin Konni, ko hoton jariri da aka ɗora a Facebook daga Illela domin mahaifinsa da ke ci-rani a Abijan ya gani, ba a iska suke zama ba. Suna ajiye ne a manyan rumbunan kwamfuta, akasari a Turai da Amurka, a kan faya-fayan da ke juyawa dare da rana, ga na'urorin sanyaya su da ba a kashewa.

Wannan ajiya tana cin wuta sosai. Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa a 2024 irin waɗannan cibiyoyi sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya. Babbar cibiya guda kan buƙaci megawat 100 ko fiye. Tashar sola ta Malbaza kuwa, wadda aka ƙaddamar a 2018, megawat 7 take bayarwa.

Wannan ne ya sa masana suka sake waiwayar wata tsohuwar dabara: adana bayanai da haske.

Duk mai katin banki ya taɓa ganin hologram, wato ɗan tambarin nan mai ƙyalli da ke sauya kama idan an karkata katin. Dennis Gabor, ɗan asalin Hungari, shi ya gano fasahar a 1947, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1971. A 1963 ne Pieter van Heerden na kamfanin Polaroid ya kawo shawarar a riƙa adana bayanai da ita.

Faifan CD da na kwamfuta a samansu kawai ake rubutu, ɗigo bayan ɗigo. A nan kuwa ana raba hasken leza gida biyu: ɗaya ya ɗauko shafi guda mai ɗauke da dubban ɗaruruwan ɗigon bayanai, ɗayan ya tare shi a cikin wani ƙanƙanin dutse mai kama da gilashi. Inda suka haɗu sai su bar zane a cikin jikin dutsen. Idan aka ɗan sauya kusurwar hasken, sai a rubuta wani shafin a daidai wannan wuri. Kamar bambancin shanya gero a tabarma ne da zuba shi a rumbu. Wajen karantawa ma shafi guda ake ɗaukowa gaba ɗaya, kuma bayan an rubuta, ajiyar ba ta buƙatar wuta kafin ta zauna.

Sai dai an daɗe ana wannan alƙawari. Kamfanin InPhase na Amurka ya yi shekaru yana tallan faifai mai gigabayit 300, amma ya durƙushe a 2011, yayin da faya-fayan da aka saba da su ke ƙara girma da araha. A 2020 Microsoft ya sanar da nasa binciken mai suna Project HSD a Kambirij ta Ingila. Matsalolin sanannu ne: a wasu duwatsun yawan karantawa na goge rubutun sannu a hankali, kuma ƙaramar girgiza ko sauyin zafi na iya karkatar da hasken. Ba abu ne da za a gani a shagunan waya na Konni nan kusa ba.

Amma batun ya shafi Nijar kai tsaye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse lantarkin da take sayar wa ƙasar, wanda ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da take amfani da shi, ba a maido ba sai a Maris ɗin 2024. A aikin shimfiɗa wayar intanet mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ke tallafawa, an tsara wa Nijar cibiyar adana bayanai ta ƙasa a Yamai, domin takardun gwamnati su zauna a gida. Kowane faifai da za a kunna a cikinta sai an sanyaya shi, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40.